Likkafani a Kan Kogin Yamma

A Guangzhou, duk Bahaushen da ya cika, kafin a kira mahaifiyarsa a gida Malam Gidaɗo ake fara kira. Shi ne mai wankan gawa. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ya taɓa tambayar yadda aka yi aikin ya zama nasa.

Mutumin Jimeta ne, dogo, mai ɗan doro, gemunsa ya yi fari tun bai kai shekarun fari ba. Da jarin kayan waya ya shigo ƙasar Sin, zamanin da titin Liuhua ke cike da baƙaƙen fata, kowa da jaka a kafaɗa. Kayansa na farko sun isa gida lafiya, na biyu suka salwanta a hanya. Ya tsaya ya gyara, gyaran bai yiwu ba, biza ta ƙare, kunyar komawa hannu biyu ta riƙe shi wata guda, sannan shekara, sannan ya daina lissafi. Matarsa Hasiya ta yi ta tambayar yaushe zai dawo har ta gaji. Yanzu in ya kira, lafiyar ƙafarsa kawai take tambaya.

A cikin wannan zaman ne wani ɗan kasuwar Kano ya faɗi a ɗakin otal bai tashi ba. Aka taru ana kallon juna, manyan alhazai masu kwantena, ba wanda ya san ta inda ake farawa. Gidaɗo ya taɓa riƙe wa mahaifinsa buta a wajen irin wannan aiki, don haka ya naɗe hannun riga. Tun daga ranar ya samu wurin zama a cikin jama'a. Aka ba shi ɗaki a saman wani sito a unguwar Panyu. Duk shagon da ya shiga da rana akwai kwanonsa. In 'yan sanda za su yi sharar marasa takardu, sai wani ya buga masa waya ya ce, “Baba, yau kar ka fito.”

Sau da yawa samari sun ce ya koya musu. Amsarsa ɗaya ce: “Sai a hankali, abin ba na gaggawa ba ne.” Bai taɓa koya wa kowa ba. In ya shiga wanka yakan ja labule, mai zuba masa ruwa ma sai ya ce ya kau da kai, wai don sutura. Shi kansa ya yarda don sutura ne.

Labarin Babayo ya zo ne a tsakiyar damina. Babayo mutumin Gombe ne, yana zaune a wani gari can cikin lardin Guangxi, yana duba wa 'yan kasuwa falle-fallen katako kafin a yi lodi. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ya mutu a asibiti ba Musulmi ko ɗaya a kansa. Mai masana'antar katakon ya bugo wa Alhaji Yalwa, shugaban 'yan kasuwa, ya ce ya cike takardu, kuma akwai wata ƙaramar maƙabartar Musulmin Sin a kan tudu da ta yarda ta karɓe shi. Sai dai asibiti ba zai ajiye gawa ya wuce ƙarshen mako ba. In mutanensa ba su zo ba, za a yi masa yadda ake yi wa kowa a ƙasar, a ƙone shi.

Aka taru a shagon Alhaji Yalwa a unguwar Liwan, tsakanin kwalayen takalma. Kowa ya san matsalar, ba mai son ya fara faɗa. Jirgin ƙasa mai gudu zai kai mutum can tsakanin hantsi da la'asar, amma ba a shiga sai an nuna fasfo, na'ura ta dubi fuska. Motar haya ma haka. Fasfon Gidaɗo kuwa ya mutu tun yaran da ke shagon suna firamare.

Tankari ne ya yi magana, wani Banijare mai sayen babura.

“Bon, Malam, ni takarduna daidai suke. In tahi da jirgi gobe da sahe, kai kana bisa waya kana hwaɗa mini abin da zan yi. Mi za ya hana?”

Gidaɗo ya dube shi ya yi murmushi. “Tankari, kai da ko akuya aka yanka sai ka fita waje?”

Aka yi dariya, har da Tankarin.

“Wankan gawa ba haɗa babur ba ne, da za a ce ɗaura wannan, kwance wancan,” in ji Gidaɗo. “Bawan Allah ya mutu a baƙon wuri, a bar shi kuma a hannun mai koyo? Akwai jiragen ruwa da ke sauke katakon nan a Panyu su koma. Su ba sa tambayar fasfo. Alhaji, ka yi wa mai masana'antar magana ya haɗa ni da ɗaya.”

“Baba, jirgin ruwan nan fa tafiyar hawainiya yake,” in ji Alhaji Yalwa.

“Zai kai. Ni ɗan bakin Binuwai ne, na san ruwa.”

Alhaji Yalwa ya sosa ƙeya. Ya fi duk mutanen wurin dukiya, amma Gidaɗo ya girme shi da shekaru, kuma shi zai wanke shi in tasa ta zo a nan. Ba a ce wa irin wannan mutum a'a a gaban jama'a. Tankari kuwa, da aka ƙi tayinsa, kafaɗunsa suka sauko, ya ɗauki shayinsa ya kurɓa. Yana da kwantena da za a rufe a makon, ya kuma riga ya fita kunya tunda kowa ya ji ya yi tayi.

Da yamma Gidaɗo ya je kasuwar yadi ya yanko farin alawayyo, ya zaɓi mai kauri. Ya haɗa da kafur da garin magaryar da ake kawo masa daga Kano, ya zuba a jakar buhu.

Jirgin dogo ne, mai faɗi, cikinsa cike da buhunan abincin kifi an rufe da tamfol. A can baya aka gina ɗakin ƙarfe hawa biyu, nan mai jirgin, Lao Mok, yake zaune da matarsa. Gidansu ke nan, ba su da wani a tudu. Akwai tukwanen albasa jere a bakin taga, da kare ɗaure da sarƙa, da wani jan akwati a kusurwa inda matar ke kunna turare ta ajiye lemo kowace safiya. Mai masana'antar ya gaya musu baƙon zai je duba kaya ne. Lao Mok bai tambayi komai ba, ya nuna masa wani lungu kusa da injin.

Suka bar Panyu ta ƙananan rassan ruwa, ƙarƙashin gadoji da ba su ƙarewa, har suka faɗa babban kogin da mutanen wurin ke kira Kogin Yamma. Ruwan ja ne kamar kunun kanwa, ya cika ya batse, yana tahowa da rassan gora da robobi, wani lokaci da mataccen alade. Jirgin na tura ƙirji a cikinsa, injin na bugawa dum, dum, dum, har Gidaɗo ya fara jin bugun a haƙoransa. In ya kafa ido a kan wata bishiya a gaɓa, sai ya idar da lazimi bishiyar ba ta wuce ba. Masana'antu suka ragu, gonakin ayaba suka karɓa, bayan su duwatsu masu duhun ganye da hazo kwance a wuyansu. Zafi kuwa irin mai ɗanko ne, riga ba ta bushewa a jiki.

Ba su da yaren da ya haɗa su sai 'yan kalmomin kasuwa da waya mai fassara. Ranar farko matar ta miƙo masa kwano, ya leƙa ya ga nama, ya ɗaga hannu ya ce “meyo, meyo,” kalmar da ya sani ta babu. Ta dube shi, ta dubi kwanon. Da suka tsaya shan mai ta sauka ta dawo da sabuwar tukunya, ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta nuna masa cewa tasa ce shi kaɗai. Kullum sai ta dafa masa shinkafa da kifi da ganye a ciki. In ya shimfiɗa buhu zai yi salla, takan ja karen ta koma da shi ɗaya gefen. Gajeruwar mace ce mai faɗin tafin hannu, tana magana kamar tana faɗa ko da dariya take.

A kan ruwan nan Gidaɗo ya samu abin da ya daɗe bai samu ba, wato zama a fili da rana ba ya waige. Yakan zauna a kan tamfol yana tsara yadda zai yi: yadda zai karɓi Babayo, yadda Musulmin Sin za su tsaya suna kallon hannunsa, yadda za a ba da labari a Liwan cewa tsoho ya ratsa kogi don gawar da ba tasa ba. Wannan na ƙarshen yakan zo masa ne a tsakiyar addu'ar da yake wa mamacin, sai ya yi istigfari ya kore shi, can kuma ya dawo.

Ana nan sai sama ta ɓalle. Ruwa aka yi tun safe har bayan azahar, irin wanda ba ka ganin gaban jirgin daga bayansa. Lungun da aka ba shi ya yi yoyo, ruwan ya bi ta ƙasan injin ya kwaso baƙin mai ya shiga jakar buhu. Da ya buɗe, alawayyon ya jiƙe sharkaf, ga baƙin tabo ya ratsa ninki bayan ninki, yana warin gas.

Abin ya sosa masa rai fiye da yadda ya zata. A duk shekarun nan bai taɓa sa wa mamaci ƙyalle mai ɗigo ba. Washegari rana ta fito, ya ɗebi ruwa a tankin jirgin, ya samu sabulu, ya durƙusa ya yi ta cuɗawa har fatar yatsunsa ta yi laushi. Tabon ya fita. Ya ɗaura igiya daga ɗakin ƙarfe zuwa sandar fitila a gaban jirgin, ya shanya ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya, dogaye, farare tas. Iska ta shiga cikinsu suka buɗe. Ya ja da baya yana kallo, ransa ya yi sanyi.

Lokacin suna isowa madatsar ruwa da ke kusa da Wuzhou, inda jirage ke layi a ɗaga su zuwa ruwan da ke saman madatsar. Jirage ne birjik, an ɗaure su gefe da gefe, mata na wanki, maza na karta a inuwa. Gidaɗo ya ga wani mutum a jirgin kusa ya miƙe tsaye, karta a hannu. Wata tsohuwa ta janye jikanta ta rufe masa ido. Wanda aka jefa wa igiya don ya ɗaure su ya bar ta ta faɗa ruwa. Aka fara ƙwala wa Lao Mok kira daga ko'ina, ana nuna ƙyallayen.

Matar ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Ta tsaya. Sannan ta yi wata ƙara da Gidaɗo bai taɓa jin irinta ba, ta ruga ta fizgo ƙyallen farko ta yar a kan tamfol, ta goge hannunta a wando kamar ta taɓa wuta.

Lao Mok ya sauko da waya, ya yi magana a ciki ya miƙo. Wayar ta ce da Turanci: jirage suna tambaya wa ya mutu a jirginmu. Mene ne wannan farin ƙyalle?

Da Gidaɗo ya ce zanen gado ne, ko samfurin yadi, da wataƙila an yi tsaki an wuce. Bai zo masa ba. A inda ya tashi, dattijo kan sayi likkafaninsa da kansa ya ajiye a ƙasan akwati, alhazai kan tsoma nasu a zamzam su shanya a rana kowa na gani. Abin girmamawa ne. Ya gyara tsayuwa ya gaya wa wayar, a hankali don ta ji da kyau, cewa tufafin mamaci ne, shi kuma aikinsa wanke matattu, ɗan'uwansa na can yana jiransa.

Wayar ta juya maganar. Ya ga fuskar matar ta canza. Ta dubi hannayensa, ta dubi sabuwar tukunyar da ke kife a bakin kicin, ta dubi tankin ruwan da suke sha. Ba ta ƙara yin ihu ba. Ta shiga ta ɗauko tukunyar ta wurga a kogi, ta koma gaban jan akwatin ta kunna turare dami guda.

“Lawban,” in ji Gidaɗo, yana kiran Lao Mok da sunan da ake kiran mai shago. “Lawban, don Allah. Tsafta ce, wallahi tsafta ce.” Da Hausa ya faɗa, ya manta da wayar.

Lao Mok bai ɗaga murya ba. Ya ce wa wayar: a kan ruwa muke kwana, a kan ruwa muka haifi ɗanmu. Ba a ɗaukar kayan mutuwa a jirgi. Ka sa duk kogi ya ga mun ɗaga farar tutar makoki. Ba wanda zai ɗaura igiyarsa da tamu.

Ya fitar da jirgin daga layi, ya kai shi wata gaɓa inda ake tara yashi, ya sa katako. Gidaɗo ya tattara ƙyallayen, ɗanyu, ya sauka. Matar ta biyo bayansa da bokitin ruwa da wani ganye a ciki tana watsawa duk inda ya taka. Ba ta dube shi ba. Ya bi gaɓar yana ɗaga wa jirage hannu, amma labari ya riga shi, kowa sai ya juya baya.

Ya zauna a kan tulin yashi. Laraba ce. Wayarsa na da caji, akwai kuma sabis. In ya kira yanzu, Tankari zai kwana a garin gobe, ya samu Musulmin maƙabartar, su ma ai suna wanke nasu, ko su yi masa ko ya yi da kansa ana gaya masa. Abin ba shi da wuya. Gidaɗo ya fi kowa sanin ba shi da wuya: niyya, alwala, dama kafin hagu, kafur a ƙarshe. Mutum mai hankali zai iya a karo ɗaya. Tankari zai dawo Liwan ya ce, “Ashe abin ba komi ba ne.” Daga nan kuma sai a fara kiran wanda ya fi kusa, mai takardu, mai iya shiga asibiti ta ƙofar gaba.

Wayar ta yi ƙara a hannunsa. Alhaji Yalwa ne.

“Baba, ya hanya? Kun kusa?”

Gidaɗo ya dubi jirgin Lao Mok yana komawa layi, ƙarami a cikin sauran.

“Alhamdu lillahi, Alhaji. Muna tafe. Saura kaɗan.”

“Ko dai in tura Tankari ya tare ka? Ya ce in ana so…”

“A'a, kar a wahalar da shi. Yana da lodi.”

Da ya kashe, ya gaya wa kansa cewa ta tudu ma zai kai, ai ba nisa. Ya kusa yarda.

Bai san hanya ba, kuma dole ya guji babban titi. Ya bi ta ƙauyuka, ta gonakin rake, wani mai keken kaya ya ɗauke shi ya kai shi inda ba nan ba ne, ya dawo da ƙafa. Ƙafar da Hasiya ke tambaya ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Yara suka bi shi suna ɗaukar hoto, ya shige cikin rake ya ɓuya har suka watse, don hoto na iya kai wa ga 'yan sanda. Kowace safiya yana iya kira, kowace safiya yakan ga cewa jiya ce ranar da ta dace a kira, yau kam an makara, in ya faɗa yanzu sai an tambaye shi me ya sa bai faɗa jiya ba.

Ranar Litinin ya isa masana'antar, a bayan motar itace. Mai wurin, wani siriri mai tabarau, ya fito ya dube shi daga sama har ƙasa, ya shigar da shi ofis ya ba shi ruwan zafi. Ya ce ya roƙi asibiti su ƙara kwana, sun ƙara ɗaya. Ya kira Alhaji Yalwa, an ce masa mutum na hanya. Sannan ya buɗe kabad ya ɗauko wani akwatin katako mai sheƙi, wanda bai fi a rungume shi da hannu ɗaya ba, ya ajiye a kan tebur da hannu biyu, ya sunkuyar da kai. Ya ce shi ya zaɓi akwatin tokar, mai kyau ne.

Gidaɗo ya sa hannu ya ɗaga. Ya san nauyin mutum, kafaɗarsa ta san shi, ƙugunsa ya san shi. Wannan bai kai nauyin tulun ruwa ba.

Tsohon da ke kula da maƙabartar, mai farar hula, ya dubi akwatin, sannan ya nuna masa wani gefe kusa da katanga. Ramin da aka riga aka haƙa wa Babayo, mai tsawon mutum, yana can buɗe ruwan sama ya taru a ciki. Gidaɗo ya karɓi shebur ya haƙa ƙarami. Ya tsaya da garin magarya da kafur a hannu bai san inda zai zuba su ba. A ƙarshe ya mayar da su jaka, ya sa akwatin a ramin ya rufe, tsohon na tsaye a bayansa yana motsa baki.

Yana wanke hannu a famfo waya ta shigo. Alhaji Yalwa ya ce ya haɗa da Gombe, mahaifiyar Babayo na kan layi, Inna Hawa, tana so ta ji daga bakin wanda ya yi.

Muryar tsohuwa ce, a dushe, ana jin mata na salati a bayanta.

“Malam, sannu da ɗawainiya. Allah Ya biya ka. An ce kai ka suturta shi.”

“Ni ne, Inna.”

“Da hannunka ka wanke min shi?”

Ruwan famfon na zuba a kan kumburarriyar ƙafarsa.

“Da hannuna.”

“Fuskarsa fa? Bai sha wuya ba?”

“Fes take, Inna. Kamar mai barci.”

Ta ce alhamdu lillahi sau uku, ta fashe da kuka, aka karɓe wayar. Alhaji Yalwa ya dawo kan layi yana jan hanci.

“Baba, Allah Ya bar mana kai. Wallahi ban san yadda za mu yi a ƙasar nan ba in babu kai. Yaushe za ka juyo? Akwai wani yaron Zinder a asibiti a nan, jikin ya yi tsanani.”

“Ku riƙe shi da addu'a,” in ji Gidaɗo. “Ina nan tafe.”

Ya kashe famfon, ya ɗauki jakar, ya gangara ta cikin rake zuwa bakin kogi, yana ɗingishi, ya nemi jirgin da bai ji labarinsa ba.